Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Makullin Tiga Da Challawa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da Shugaban Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da Mai Girma Ministan Albarkatun Ruwa na Tarayya. Kwafi ga masu girma gwamnonin Jigawa da Yobe.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da jama'ar da Allah ya ɗora muku nauyinsu, ina roƙon Allah ya yi muku jagora a kan amanar da ke wuyanku. Ni tsohon malamin makaranta ne, ɗan masunci, haifaffen fadamar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru. Aiki ya kawo ni birnin Kano tun ina saurayi, a nan kuma na yi ritaya. Ba ni da sarauta, ba na riƙe da kujerar wata ƙungiya. Na ɗauki alƙalami ne da yawun 'yan'uwana manoman shinkafa da masunta da makiyaya na ƙasashen Guri da Kirikasamma da Nguru da Bade, waɗanda duk sanda na je gida sai sun ce mini, "Malam, kai da kake zaune kusa da manya, ka faɗa musu mana." Ba na zaune kusa da kowa, amma alkawari kaya ne.

Abin da ya tayar da maganar a yanzu shi ne, duk bazara sai gidajen rediyon Kano su cika da kukan rashin ruwa, sai kuma mu ji alkawarin sababbin injina da faɗaɗa matatu da ƙara yawan ruwan da ake turowa birni. A duk wannan magana ban taɓa jin an ambaci inda ruwan yake zuwa ba bayan ya wuce bakin injin. Mu ne a can.

Bari in kawar da wani zato tun da wuri. Ba ƙyashin ruwan da Kano take sha muke yi ba. Ruwan sha ba abin yi wa ɗan'uwa rowa ba ne, kuma 'ya'yanmu da yawa a Kano suke, ni ma jikokina a nan aka haife su. Birni mai miliyoyin mutane ba zai rayu a kan rijiyoyi ba. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, birnin yake jan ruwa daga kogin Challawa a wajen Panshekara, kuma babu wanda ya ji a jikinsa a ƙasarmu. Kukanmu a kan hanyar da ake bi a kai ruwan ne yau, da abin da wannan hanya ta mayar da koginmu.

Ranku ya daɗe, sai kun san yadda kogin yake a da sannan za ku gane abin da aka rasa. Kogin Kano da kogin Challawa suna haɗuwa kudu da birni su zama kogin Haɗeja, ya bi ta Wudil da Ringim ya iso mana. Kogi ne mai lokaci biyu. Daga Yuli zuwa Satumba ya cika ya tumbatsa ya malale fadamu. Manomi ya riga ya watsa shinkafarsa, tana tashi tare da ruwa. Kifi ya bi ruwan ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai. Da kaka ruwa ya fara janyewa, a yanke shinkafa, a bi danshin da ya bari a shuka wake da kankana da kuɓewa, babu ban-ruwa, babu injin. Kududdufan da suka rage su zama na su: tarwaɗa, karfasa, kurungu, gaiwa, kuma Sarkin Ruwa ne ke faɗin ranar da za a shiga. Sannan Fulani su sauko da shanu su ci harawa da ciyawar fadama, su bar wa manomi taki. In bazara ta yi, kogi ya ƙafe ƙaf, sai rairayi. Ina yaro da ƙafa muke tsallaka shi, iyayenmu mata su tona rami a cikin yashin su ɗebi ruwa mai sanyi da ƙoƙo. Baƙo zai ɗauka wannan ƙafewa masifa ce, alhali ita ce sharar kogin. Rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa, cikar baɗi ta zo da ƙarfi ta kwashe yashin da ya taru. Fili ɗaya yana ciyar da mutum uku a shekara, manomi da masunci da makiyayi, kowa da watansa.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano, wadda aka gina ta ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2, domin noman rani na Kadawa da ruwan shan birni. A 1992 kamfanin Julius Berger ya gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, mai ɗaukar fiye da kubik mita miliyan 900. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da ke shiga kogin Haɗeja. Ba zan zalunci tarihi ba: an gina Tiga ne mutane na fama da farin 1973, an sake yin wani mummunan fari a 1984, kuma ƙarancin ruwan sama ya rage cikar kogi ko da babu madatsa. Duk wanda ya bi hanyar Zariya ya ga tumatir da shinkafar Kura da Kadawa ya san aikin ya yi wa wasu rana. Amma madatsun sun kifar da lokutan kogin. Da damina, lokacin da muke jiran ruwa, sai a tare shi. Da rani, lokacin da kogi ya kamata ya huta, sai a sake shi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa a fadamarmu a shekarun 1960 zuwa farkon 1970 yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000, amma bayan madatsun ya sauko ƙasa da hekta 100,000 a shekaru da dama.

A nan ne ruwan birni ya shigo, kuma ina roƙon ku tsaya a kan wannan gaɓar domin ita ce uwar maganar. Manyan matatun Kano, ta Challawa da ta Tamburawa, ba daga cikin madatsa suke jan ruwa ba. Daga bakin kogi suke zuƙa, nisan kilomita masu yawa a ƙasa. Kogin kuwa mai faɗi ne, gindinsa yashi, ruwan rani yana yawo a cikinsa yau ta wannan gefe gobe ta wancan. Kafin ya yi zurfin da bakin injin zai kama shi, dole a saki ruwa mai yawa daga sama, ninkin wanda za a zuƙa. Tifofin yashi da ke kwasa dare da rana a wajen Tamburawa suna ƙara sauya kwanciyar kogin, abin ya ƙara wuya. Kamar mai son cika moɗa ne ya karkata randa gaba ɗaya.

Ku duba lissafin da ɗan firamare ma zai iya yi. Sabuwar matatar Tamburawa an gina ta ne ta tace lita miliyan 150 a rana. In ta yi aiki kullum babu ɗauke wuta, babu lalacewar injin, shekara guda za ta sha kubik mita miliyan 55 ko ƙasa da haka kaɗan. Wannan ko kashi 7 cikin 100 na cikin madatsar Challawa bai kai ba. A haɗa da sauran matatun duka, har yanzu abin da birni yake sha ɗan kaɗan ne a kan abin da ake saki. Ragowar, tare da ruwan da ke tsiyayowa daga gonakin Kadawa, shi ne yake gangarowa wurinmu a watan Fabrairu da Maris da Afirilu, a hankali, ba ƙarfi, ba ya yankewa. Ba shi da ƙarfin da zai wanke kogi, kuma ba ya barin kogi ya bushe.

Babu abin da kacala, wata doguwar ciyawar ruwa, take so kamar irin wannan ruwa. A da ana ganin ta jefi-jefi a bakin tafki, mata su yanka su yi zana ko shimfiɗa. Yanzu ta cinye dubban hektoci, ta fi mutum a kan doki tsawo, saiwarta ta saƙe a ƙarƙashin ruwa ta riƙe duk laka da yashin da suka zo wucewa. Gonar shinkafar da mahaifinmu ya bar mana tana nan, na san iyakarta da kukar da ke kusa, amma rabon da a saka mata fartanya ƙanena na ƙarshe bai yi aure ba, yau yana da surukai.

Na je gida wata shekara na tarar da gayyar yankan kacala. Ƙauyuka da yawa suka haɗu, kowa da laujensa da addarsa, aka yi karo-karon gero mata suka dama kunu. Maza suka shiga ruwa iya ƙirji tun da hantsi. Sai an nutsa hannu an yanke ta daga ƙasan ruwa, domin in aka yanke ta sama kwana kaɗan ta toho. Wasu na yanka, wasu na ja da igiya zuwa gaɓa. Ganyenta yana tsaga hannu, matsattsaku suna manne a ƙafafu, ga tsoron maciji. Wani dattijo da ya girme ni ya fito yana rawar sanyi, aka kwantar da shi a rana aka rufa masa buhu. Da suka buɗe hanya, ruwa ya bi ta, mutane suka yi ta kabbara, a shekarar wasu suka noma gonakin da suka daɗe da fid da rai a kansu. Da na koma bayan damina biyu, kwalekwale ma ba ya iya bi ta wurin. Mutanenmu ba ragwaye ba ne. Aikin ne ya fi ƙarfin lauje muddin ruwan rani bai daina zuwa ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a gona ɗaya ba. Ƙasa da Haɗeja kogin yana rabuwa: akwai tsohon kogin Haɗeja, akwai Burum Gana, akwai Marma da ke zuwa tafkin Nguru. Kacala da yashi sun toshe bakin biyun farko a wajen Likori, sai ruwan ya karkata kusan duka zuwa Marma. Mutanen bakin Marma da Nguru suka wayi gari gonakinsu sun zama tafkin da ba ya janyewa, ruwa yana cin hanyar mota, gidajen ƙasa suna zubewa daga gindi, kanwa tana tasowa a filayen da ake noman gero a da. Waɗanda ke bakin Burum Gana da tsohon kogi kuwa suka koma jiran ruwan da ba ya zuwa. Ƙauye biyu da ke auratayya, ɗaya yana kukan ruwa ya yi yawa, ɗaya yana kukan babu, har ta kan kai ga wasu su je su datse hanya da buhunan ƙasa da dare, wasu su je su fasa. Ruwan Haɗeja da ke isa Gashuwa yanzu bai taka kara ya karya ba. Kogin Yobe da ke bi ta Gaidam da Damasak, wanda masu noman tattasai na Difa a Jamhuriyar Nijar ma suke dogara da shi, kusan a kan kogin Jama'are kaɗai yake tsaye. Akwai kuma yarjejeniyar da Nijeriya da Nijar suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, wannan kogi yana ciki.

Kacala gida ce ga tsuntsayen jan-baki. A cikinta suke kwana su hayayyafa, da asuba su tashi su rufe sama. Wanda bai taɓa ganin sun sauka a gonar shinkafa mai nono ba, ba zai gane dalilin da ya sa uba yake cire ɗansa daga aji ya ba shi gwangwani da igiya ba. Na yi shekaru ina faɗa da iyaye a kan wannan a matsayina na malami, amma a ƙasarmu ban da bakin magana, domin in yaron bai tsaya a gona daga asuba zuwa magariba ba, gidan ba zai ga hatsi ba. Jirgin feshi yakan zo wani lokaci, ya kashe na kashewa, sauran su koma cikin kacala. Ga sauro da babu rani babu damina. Ga tsargiya, har yara maza suna ɗauka fitsarin jini alamar girma ce.

Masunta kuwa sun koma kamun 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan ido, abin da iyayenmu suke ɗauka abin kunya. Kifi yana son sabon ruwa ya hau fili ya haihu, bai samu ba. Makiyayi ya sauko da rani ya tarar inda shanunsa suke kiwo a da ya zama kacala, mashaya ta toshe, ɗan filin da ya rage manomi ya kewaye shi ya saka injin ban-ruwa domin shi ma an kore shi daga tasa gonar. Duk shekara sai an ji an yi rikici a yankin Guri da Kirikasamma, a tura jami'an tsaro, a yi zaman sulhu a fada, a yi wa mutane wa'azin haƙuri. Wa'azin yana da kyau. Amma wanda ya san ƙasar ya san filin da mutum uku suke karɓa-karɓa ne ya ƙanƙance, lokutansu kuma suka haɗe.

Sai maganar ambaliya, wadda ita ce kaɗai takan kawo mana kyamarori. Mai karatu zai ce, ku da kuke kukan an hana ku cikar damina, me ya sa kuke kuka in ta zo? Domin ba irin ta da ba ce. Ta da tana zuwa a hankali, an san makonta, tana da hanyoyin bi. Ta yanzu takan zo ne a shekarar da madatsun suka cika suka yi amai a ƙarshen damina, ta tarar da hanyoyin a toshe, ta hau kan gari. Haka aka gani a 2001, haka a 2010 da aka yi ta jayayya tsakanin hukumomi kan ko an buɗe ƙofofi ko ba a buɗe ba, haka a 2022 da ruwa ya yi wa Jigawa mummunar ɓarna. Talaka ba ruwansa da wanda ya yi gaskiya a jayayyar. Abin da ya sani shi ne waɗanda ke kallon ma'aunin ruwa a madatsa sun san ya kusa baki kwanaki kafin ya iso Auyo ko Haɗeja, shi kuwa sai dai ya ji shi a ƙofar ɗaki. Akwai kuma tsoron da ya fi wannan. Kano ba ta manta fashewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Tiga kanta sai da aka rage tsayin mazubarta a 1992 saboda lafiyar ginin. Abin da ya sami Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya isa ya hana duk wanda ke kwana ƙasa da tsohuwar madatsar ƙasa barci.

Ba zan manta da 'yan'uwanmu na sama ba, mutanen da aka tasa daga garuruwansu a ƙasar Bebeji da Tudun Wada da Ƙaraye domin ruwa ya kwanta. Gonakinsu na fadama da kushewun iyayensu suna ƙarƙashin tafki. Dokar filaye ta 1978 amfanin gona da gini take biya, ba ta biyan ƙasa, balle ta biya jikan da zai taso ya tarar babu gado. Dokar da ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kuwa sai a 1992 aka yi ta, shekarar da aka gama Challawa, wato madatsun biyu duk sun riga ta. Yau akwai ƙauyukan da ke hango tafkin daga ƙofar gida amma rijiya da kududdufi suke sha.

Da a ce duk wannan asara ta sa famfunan Kano suna zuba, da mun ce to, ko ba komai wani ya amfana. Unguwar da nake zaune, yaran da aka haifa bayan na tare ba su san ƙarar iskar da famfo yake yi kafin ruwa ya zo ba. Kura muke saya. Ruwan kurar ma ba na Tiga ba ne, na rijiyar burtsatse ne da wani mai hali ya haƙa a gidansa, kowa na haƙa tasa, kowace shekara sai an ƙara zurfi. Akwai wani yaro ɗan garuwa da ke kawo mana ruwa. Wata rana na ji harshensa na tambaye shi garinsu, ashe daga bakin Marma yake, tafiyar da ba ta kai ta yini ba daga namu ƙauyen. Na ce me ya kawo ka birni? Ya ce, "Baba, ruwa ne ya cinye gonarmu." Ya sauke jarkokinsa, ya karɓi kuɗinsa, ya tura kurarsa gaba. Irinsa suna da yawa a tashoshin mota da bakin kasuwanni, kuma su ake nunawa in ana maganar cunkoson birni.

A hanyar da nake bi zuwa masallacin Juma'a kuwa akwai inda bututu ya fashe, duk ranar da aka turo ruwa sai titi ya zama kwata, masu wankin babur su kafa sana'a. Wannan ruwan an tare shi a madatsa, an saka masa alif da sinadari, an ƙona wuta an tura shi. Sannan abin da birni ke mayarwa cikin kogi: ruwan majemu da masana'antun Sharaɗa da Challawa, mai launi da ɗoyi, yana gangarawa cikin kogin Challawa. Shi ne masu lambu suke ban-ruwa da shi, shi ne kifin Wudil yake sha, ragowarsa kuma tamu ce.

Wa za mu kama? Wannan ita ce tambayar da ta fi ba mu wahala. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja a cikin Jihar Kano take, gwamna ɗaya ne ke da madatsar da mutanen da ke ƙasa da ita. A 1991 aka yanke Jigawa daga Kano, aka yanke Yobe daga Borno. Yanzu madatsun suna ƙasar Kano, makullinsu yana hannun hukumar tarayya, mai shan ruwa jiha ce, masu kwasar illa wasu jihohi biyu ne da ba su da ƙuri'a a Kano. Na taɓa raka dattawanmu wani ofishi da takardar koke. Aka karɓe mu da mutunci, aka ba mu ruwan roba, aka ce maganar ba a hurumin wannan ofishi take ba. Inda aka tura mu, su ma haka suka ce.

Kuma ba a ce ba a san maganin ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 masana suke zaune a Nguru suna auna wannan ruwa, kuma binciken da aka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa abin da kowane ɗigon ruwa ke samarwa a fadama, in aka haɗa noma da su da itace, ya fi abin da yake samarwa a manyan gonakin noman rani na sama. A shekarar 2000 aka saka tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Nijeriya. Har 'ya'yan gidan sarautar Ingila sun taɓa zuwa Dagona a ƙasar Bade kallon tsuntsayen da ke tasowa daga Turai, mu dai muna fatan wata rana a zo kallon mutanen. A 2006 jihohi shida, Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauci da Filato, suka haɗu a Damaturu da gwamnatin tarayya aka amince da tsarin kula da kogin, aka kafa masa asusu. Takardu suna nan. Aiki da su ne ya yi ƙaranci.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Babban roƙonmu shi ne a raba ruwan shan Kano da gadon kogi. A ɗauko shi da bututu daga madatsa zuwa matata, kamar yadda ake kai ruwan Gurara daga Jihar Kaduna zuwa madatsar Usuma ta Abuja, tafiyar kusan kilomita 75. In kuɗin wannan ya yi nauyi a yanzu, a gyara bakin injinan, a yi musu ƙaramin shinge da zai tara ruwa a gabansu, a hana kwasar yashi kusa da su, yadda ruwa kaɗan zai wadatar. Kano ce za ta fara cin ribar wannan, domin ruwan bututu ba ya zuwa da laka da dattin masana'anta, kuma abin da ake zubarwa da rani zai zauna a madatsa. Kafin a sa hannu a kan wata sabuwar kwangilar faɗaɗa matata, a fara da wannan da kuma ɗinke bututun da ke yoyo a cikin gari.

Na biyu, a mayar wa kogin lokutansa gwargwadon iko. A ware wasu makonni da rani a rage saki har rassan ƙasa su bushe a ƙone kacala, a kuma saki cika mai ƙarfi a watan Agusta, da gangan, da sanarwa, kamar yadda masana suka daɗe suna ba da shawara. Yin haka zai bar wa madatsun wurin karɓar ruwan Satumba maimakon su yi amai a kanmu. A rubuta jadawalin sakin na shekara, a karanta shi da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Badanci a rediyon Kano da Dutse da Damaturu, a aika wa hakimai da dagatai da bulamai. In ruwa ya kusa baki, a faɗa a ranar, ta rediyo da saƙon waya.

Mun ga injinan yashe kogi da aka kawo a 'yan shekarun nan, mun gode, inda suka yi aiki an ga bambanci. Roƙonmu a nan shi ne aikin ya zama na kowace shekara da kasonsa a kasafin kuɗi, a fara da bakin Burum Gana da tsohon kogin Haɗeja, a gina abin raba ruwa a wajen Likori domin kowane reshe ya sami rabonsa ba sai an yi faɗa ba. Kuma tunda ruwan yanzu yana samar da kuɗi, daga masu biyan kuɗin famfo da masana'antu da wutar lantarkin da ake samu a Tiga, adalci ne a yanki wani kaso sananne a zuba a asusun Damaturu domin wannan aiki, da rijiyoyi da asibitocin ƙauyukan da aka tasa a sama. A tilasta wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi. A sa injiniyoyi masu zaman kansu su binciki lafiyar Tiga da Challawa, a buga sakamakon kowa ya gani.

Muna kuma roƙon kujera. Duk zaman da za a yanke yawan ruwan da za a saki, a sa manomi da masunci da makiyayi daga ƙasa a ciki, waɗanda jama'arsu suka zaɓa, a sa mata, domin su ne masu sayar da kifi da saƙar kaba da jinyar masu zazzaɓi. Sannan ga Mai Girma Minista musamman: duk sanda aka sake tayar da maganar madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, a tuna cewa shi ne babban kogi ɗaya da ya rage yana kawo wa Bade da Gashuwa da Gaidam cikar damina. Kada a taɓa shi sai an gyara abin da aka ɓata a kogin Haɗeja, kuma sai an zauna da mutanen ƙasa tun kafin a zana taswira.

Daga ƙarshe muna gayyatarku ku zo da kanku. Kun saba zuwa a watan Satumba da buhunan shinkafa da tabarmi, muna kuma godiya. Wannan karon ku zo a watan Maris, ku taho da injiniyoyin da ke buɗe ƙofofin da na hukumar ruwan sha ta Kano. Za mu tanadi kwalekwale a Likori, masu tuƙi za su nuna muku inda kogi yake bi a da.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku ikon sauke nauyi.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta, ɗan fadamar Haɗeja da Nguru, mazaunin Kano.